Jitar Kawu: Daga Hamamatsu Zuwa New Bell

Kwana arba'in da rasuwar Kawu, Allah Ya jiƙansa, muka taru a tsohon gidanmu na New Bell, nan Duwala, don a fito da abin da ya bari a raba. Ba wata dukiya ba ce. Akwatin tufafi biyu, buzun sallah, kayan aikinsa na gyaran rediyo, da tarin tsofaffin rediyoyin da masu su suka manta da su tun zamanin Ahidjo. Sai da aka ɗaga gado aka jawo wani dogon baƙin akwati da danshi ya yi wa furfura. Ana ɓalle shi sai ga jita kwance, irin mai dogon wuyan nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ake kira bas. Gefenta baƙi, tsakiyarta ja-ja kamar rana za ta faɗi.

Dattawa suka yi tsit. Kowa ya san labarin, ba wanda ke so ya zama na farkon da zai nuna ya sani. Wani ƙanena da ya ɗan zauna a Faransa ya yi wuf ya ce, “Wallahi Fender ce! Kun san ko nawa Turawa ke sayen tsohuwar Fender?” Autan Kawu, wanda ya fi mu ƙarfin ido, ya duƙa ya karanta rubutun da ke kanta, ya ɗago ya ce, “Yaya, ba Fender ba ce. Tokai aka rubuta. Jabu ce kawai.” Nan take murna ta koma ciki, aka tura akwatin gefe tare da matattun rediyoyi.

Kalmar nan ta jabu ce ta tsaya mini a wuya. Na san Kawu. Mutumin da ko batir ba ya saye sai ya jinjina shi a tafin hannu, ba shi ne zai kwana shekara talatin da ɗoriya a kan jabu ba. Na roƙi a ba ni ajiyarta kafin a yanke shawara, na rungumo akwatin a bayan ɗan bensikin har gidana a Makèpè. Abin da zai biyo baya shi ne abin da na tono tun daga ranar.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ta kwana ƙarƙashin gado, don wanda bai san unguwarmu ba zai yi mamaki. New Bell unguwa ce da aka haifa da rikici. Jamusawa ne suka ƙudurta ƙwace filayen kabilar Duwala da ke bakin kogin Wuri, su mai da wurin mazaunin Turawa zalla, su tura mutanen gidan sarautar Bell can baya, da tazarar fili tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, suka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914. Wata biyu ba su cika ba Ingilishi da Faransawa suka karɓe garin. Waɗanda aka yanka wa filin ba su zauna a cikinsa yadda aka so ba, sai baƙi suka cika shi: Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Kwango da na Afirka ta Yamma, da kakanninmu Hausawa da fatauci ya kawo. Har yau kowane ɓangare da sunan mutanensa ake kiransa, namu kuwa New Bell Haoussa.

To a unguwa irin wannan, inda masallacinka ke jin kiɗan mashayar maƙwabcinka, mutum yakan riƙe al'adarsa da hannu biyu fiye da wanda ke zaune a Kano. A wajen Bahaushe kiɗa sana'ar gado ce, kuma kowane abin kiɗa da ubangidansa: kalangu na mahauta, garaya ta maharba da 'yan bori, tambari da kakaki na sarakuna. Jita fa? Ba ta da gado a cikinmu, ba ta da ubangida. Gida ɗaya aka san ta da shi, wato mashaya. Ɗan malamai kamar Kawu ya rataya ta a kafaɗa a tsakar unguwa, ai ya gama zubar da mutuncin gidansu ke nan. Shi ya sa sai bayan sallar isha'i yakan fita da akwatin, wai za shi gyaran amfilifaya a Akwa. Kuma ba ƙarya yake yi ɗungurungum ba, don ta nan ya shiga harkar. Masu gidajen rawa na kiransa idan na'ura ta ƙone, yana gwada ta da jitar makaɗa, har hannu ya faɗa.

Garin da ya faɗa wa kuwa ba ƙaramin gari ba ne a fagen jita. Ta teku ta shigo, a hannun matuƙan jiragen ruwa da 'yan ƙwadagon gaɓar Afirka ta Yamma. Mutanen Duwala suka ɗora ta kan rawarsu ta ambas-be, Basa suka ɗora ta kan asiko, inda Jean Bikoko Aladin ya yi suna. Rediyo ya kawo rumbar Kwango da hailaif ɗin Gana da Nijeriya, duka suka haɗu suka haifi makosa. Eboa Lotin da jitarsa ta katako, sai Manu Dibango da ya fitar da “Soul Makossa” a 1972, shekarar da Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka, sai ƙungiyar Black Styl ta su Nkotti François da Toto Guillaume da Emile Kangue. Daga Arewa ma mun samu namu, Ali Baba mutumin Garwa, wanda ya ɗora raye-rayen can kan kayan kiɗan zamani.

Amma idan ka saurari makosa da kyau, za ka ji ba mawaƙi ne ke jan ragama ba. Bas ce. Ita ke tafe gaba tana magana, ganga na bin ta. Shi ya sa ƙasar nan ta cika duniya da makaɗan bas: Jean Dikoto Mandengue da ya yi aiki da Osibisa, Vicky Edimo, Aladji Touré wanda shi da Toto Guillaume da Ebeny Wesley suka kaɗa wa mawaƙa da yawa a Paris har aka yi musu laƙabi da ƙungiyar ƙasa ta makosa, kamar dai 'yan ƙwallo, sai Armand Sabal-Lecco da ya kaɗa wa Paul Simon, da Etienne Mbappé, da Richard Bona.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: da me yaran Duwala suka koya? Fender ta ainihi sai an yo odarta daga Turai, a biya kuɗin jirgi, a biya kwastan. Ba ta talaka ba ce. A yawancin gidajen rawa ma kayan kiɗan na mai gidan ne, makaɗi haya yake yi da guminsa, ranar da suka ɓata ya fita hannu rabbana. Bona, wanda aka haifa a Minta a 1967 ya taso Duwala yana yaro, da kansa ya sassaƙa jitarsa ta farko, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Mu da muka san Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa na gwangwani ba za mu yi mamaki ba. Tsakanin wayar birki da Fender akwai rata mai faɗi, kuma abin da ya cike ratar shi ne jitocin kwaikwayo: na Italiya, na Holan, na Jamus, daga baya kuma na Japan.

Na kai jitar wurin wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa a Deido. Ya buɗe akwatin, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya dube ni ya ce da Faransanci, “Magida, ina ka samo wannan?” (Haka mutanen Kudu ke kiran duk ɗan Arewa, daga kalmarmu ta maigida.) Ya goge kan jitar da tsumma, ƙananan haruffa suka fito kusa da sunan kamfanin: Hard Puncher. Ya juya bayanta, ya karanta lambar da aka buga a jikin farantin ƙarfen da ke riƙe wuya, ya ce ƙirar 1981 ce. Na ce masa a gida an ce jabu ce. Ya yi dariya har da tari. Ya ce a shekarar da aka ƙera ta, da za a ajiye masa ita da sabuwar Fender ta Amurka a ce ya zaɓa da ido a rufe, ita zai ɗauka.

Na zaci cika baki ne irin na masu sana'a. Da na bi tarihin sai na ga yana da madogara.

Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin a Fullerton ta jihar Kalifoniya, shi ma mai gyaran rediyo ne, kuma bai iya kaɗa jita ba. A 1951 ya fitar da bas mai lantarki da ya kira Precision, wadda ta 'yantar da makaɗa daga jan ƙatuwar gogen nan ta tsaye mai tsawon mutum. A 1954 ya fitar da Stratocaster, a 1957 ya sake wa Precision fasali, a 1960 ya ƙaro Jazz Bass. Sai a watan Janairun 1965 ya sayar da kamfanin ga CBS, masu gidan talabijin, kan dala miliyan 13. Abokin hamayyarsa Gibson shi ma ya faɗa hannun wani babban kamfani mai suna Norlin a ƙarshen shekarun 1960. Sababbin iyayen gidan nan 'yan lissafi ne, yawa suke nema. Fenti ya ƙara kauri har ya zama kamar roba, katako ya ƙara nauyi, gurbin da wuya ke zama ya fara sakin jiki, aka mai da kusoshin wuyan Stratocaster uku maimakon huɗu. Makaɗa suka fara gunaguni, suka koma farautar tsofaffin, na kafin CBS. Les Paul mai launin faɗuwar rana, wadda Gibson ya yi tsakanin 1958 da 1960 kuma adadinta bai kai 2,000 ba, ta zama kamar zinariya. Abin dariyar shi ne kamfanonin da kansu sun daina ƙera abin da mutane ke nema.

A nan Japan ta shigo. Dattawanmu za su tuna lokacin da in aka ce kaya ɗan Japan ne, to raini ne, kamar yadda muke cewa ɗan Chaina yau. Jitocinsu na shekarun 1960, irin su Teisco da Guyatone, masu araha ne, masu maɓallai barkatai. Amma a shekarun 1970 masana'antu irin su FujiGen da Matsumoku, duka a garin Matsumoto, suka zauna suka koyi aikin tiryan-tiryan, suna ƙera wa sunaye irin su Greco da Ibanez da Aria. Har ta kai a watan Yunin 1977 Norlin ya kai ƙarar Elger, wakilin Ibanez a Amurka, kotun tarayya a Filadelfiya. Mutane na yawan cewa wai an kai su ƙara ne don jitocinsu sun fi na ainihi kyau. Ba haka takardar ƙarar ta ce ba. Kan siffar kan jita kaɗai aka yi shari'ar, wanda Ibanez ma ya riga ya canza, kuma a wajen kotu aka sasanta a 1978. Sai dai sunan ya bi duk jitocin zamanin, har yau 'yan kasuwa na tallar su da “na zamanin ƙara” don su ƙara kuɗi, ko da ba wanda ya taɓa kai mai su gaban alƙali.

Tokai ba ya cikin waccan shari'a. Ƙaramin kamfani ne da aka kafa a 1947 a garin Hamamatsu, ya fara da ƙera harmonika, 'yar sarewar bakin nan ta ƙarfe. Garin kansa abin a tsaya a duba ne: nan ne mahaifar Yamaha da Kawai, nan Honda ya fara, nan hedkwatar Suzuki take. Wato baburan da iyayenmu suka hau da jitar da Kawu ya ɓoye 'yan gari ɗaya ne. A ƙarshen shekarun 1970 Tokai ya yi abin da ya bambanta shi da masu kwaikwayon farko. Maimakon ya kwafi Fender da Gibson da ke kanti a lokacin, sai ya koma kan tsofaffin na shekarun 1950 da farkon 1960, ya auna su gaɓa-gaɓa: kaurin wuya, lanƙwasar jiki, naɗin wayar maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, har siffar kusoshi. Ya fitar da Springy Sound a madadin Stratocaster, Breezy Sound a madadin Telecaster, Jazz Sound da Hard Puncher a madadin bas ɗin Fender guda biyu. Ta Gibson kuwa da farko ya yi ƙarfin halin rubuta mata Les Paul Reborn, wato wadda aka sake haifa, kafin ya ja da baya ya kira ta Reborn Old, daga ƙarshe Love Rock. Lambar kowace jita ita ce farashinta: in ka ga 60, yen 60,000 ke nan, in 80 ce, 80,000. Ba ciniki, ba “albarka”.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni mamaki. Fender bai iya kashe masu kwaikwayonsa ba, sai ya ɗauke su aiki. A 1982 aka kafa Fender Japan tare da Kanda Shokai, masu sunan Greco, da Yamano, aka ba FujiGen ƙira. Hannayen da jiya ke yin kwaikwayo yau su ke manna tambarin ainihi, kuma abin da aka fara sa su yi shi ne sake ƙera tsofaffin samfuran nan na 1957 da 1962. Da CBS ya sayar da Fender a 1985 ba tare da masana'antar Fullerton ba, an ɗauki lokaci yawancin sababbin Fender da ke kasuwa daga Japan suke fitowa. To a wannan shekara, wace ce ta ainihi, wace ce jabu?

Mu 'yan kasuwa ne, mun san bambancin. Jabu shi ne kayan da ya saci suna, ya ce shi wane ne alhali ba shi ba ne. Kwaikwayo kuwa ya ari fasali amma ya tsaya da sunan ubansa. Atamfar Holan da iyayenmu mata ke rantsuwa da ita, ai kwaikwayon batik ɗin tsibirin Jaba ce ta Indunusiya, ba wadda ta taɓa kiran ta jabu. Kuma mu 'yan Kamaru mun ɗanɗani ɗaukar abu ba da izini ba ta ɗaya ɓangaren: amshin “Soul Makossa” ya ɓulla a faifan Thriller na Michael Jackson a 1982, sai da Dibango ya bi haƙƙinsa aka sasanta da shi.

Amma kada in wanke Tokai tas, don ba haka gaskiya take ba. Ba wanda ya ba shi izinin ɗaukar fasalin. Kuma rubutun sunansa na farkon nan, an lanƙwasa harafin T ɗin ne da gangan yadda daga nesa zai yi kama da F ɗin Fender. Ƙanena bai yi wauta ba da ya ruɗe. An tsara abin ne don mai kallo daga bayan zaure ya ruɗe. Matsin lamba daga Amurka ne ya sa suka sauya rubutun da siffar kan jitocin da suke fitarwa waje. Abin da zan iya cewa shi ne mai saye bai taɓa ruɗewa ba, ya san abin da ya biya. Masu jabun gaske su ne waɗanda daga baya suka riƙa kankare sunan Tokai suna manna na Fender don su ninka kuɗi. Yau kuma duniya ta juyo, har Tokai ɗin kansa ake yi wa jabu.

Yadda ta zo hannun Kawu, daga bakin wani tsohon abokin kiɗansa na ji, wani Basa da ke zaune Nkongmondo. Wani makaɗi ne ya dawo da ita daga Faransa a tsakiyar shekarun 1980, ta hannu, bashi ya kama shi ya sa ta a kasuwa. Kawu ya biya kashi-kashi, wajen shekara guda, rabi da kuɗi rabi da gyaran na'urori. Ya ce a duk ƙungiyarsu Kawu kaɗai ke da abin kiɗan kansa, shi ya sa shi kaɗai ke iya gaya wa mai mashaya gaskiya ya kwana lafiya. Ya ce kuma bai taɓa ganin ya kai kwalba baki ba, lemo yake sha, in an kusa asuba ya naɗe waya ya tafi.

Zamaninsu bai daɗe ba. Darajar yen ta tashi bayan 1985, ƙirar jitoci masu araha ta koma Koriya, daga can Chaina da Indunusiya. Matsumoku ma ya rufe a 1987. A nan gida tattalin arziki ya karye, sai kuma a watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya koma sefa 100 maimakon 50. Duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka, har tsirkiya. Sannan ga fiyanon lantarki, wanda yaro ɗaya zai zauna gabansa ya fitar da ganga da bas da algaita. Mai mashaya ya ga ba dalilin ciyar da mutum shida. Irin fiyanon nan na Yamaha ne ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Kano da muke saye a Marché Central, kuma shi ne ya shiga bukukuwan unguwarmu ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Ɗan Hamamatsu ya kori ɗan Hamamatsu. Kawu ya tura akwatin ƙarƙashin gado, ya je Makka, ya zama mai tayar da mutane sallar asuba.

Dattijon Deido ya ce akwai Bature da zai saya, kuma kuɗin da ya ambata sun fi duk sauran kayan gadon in aka haɗa. Da na kai labari gida sai sabuwar magana ta tashi. Waɗanda suka ce jabu ce suka ce a sayar maza. Wani yayanmu ya ce shi ba zai ci kuɗin kayan kiɗa ba, a cire shi. Wani ya ce a ƙona ta a rufa wa mamaci asiri. Aka kwana uku ana ja. A ƙarshe na ce a yi mata kuɗi kamar yadda Baturen ya taya, ni in biya magada kashi-kashi, wanda ba ya so a kai rabonsa gidan marayu. Har yanzu ina biya.

Ranar da na je kai wa Inna, matar Kawu, kasonta na farko, na tarar da ita tana tsince shinkafa. Na yi ta kewaye-kewaye, don ban san iyakar abin da ta sani ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Kai yaro, wa kake ɓoye wa? Da tsirkiya ta yi tsada, wa kake tsammani ke tafasa masa tsofaffin a tukunya don datti ya fita su sake ƙara? Tukunya guda na ware mata, kar a ce miyata na ƙarnin ƙarfe.” Ta ƙirga kuɗin, ta ƙulle a bakin zane, ta ce in riƙa buɗe akwatin ina shanya shi duk ranar da rana ta fito, don damunar Duwala ba ta san Japan ba, kuma in na kuskura na jingine jitar da bango wuyanta zai lanƙwashe.